Abinci mai ɗumama kansa: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou da ɗaliban da ke karatu a China sun san robobin nan na shinkafa ko romo da ake zuba wa ruwan sanyi, a rufe, bayan kamar minti 15 sai ga abinci yana tururi, ba risho ba gawayi. Kamfanoni irin su Haidilao na sayar da su a kantuna. Sojojin Amurka kuma tun farkon shekarun 1990 suke da irin nasu a cikin ƙunshin abincin fagen daga da suke kira MRE, a Japan ma akwai abincin tashar jirgin ƙasa da zare kawai za ka ja ya fara zafi. Abu ne mai amfani ƙwarai ga matafiyi. Sai dai yawancin raunin da ake ji da shi daga wuri ɗaya yake tasowa: tunda ido bai ga harshen wuta ba, sai hannu ya saki jiki.

Zafin daga wata 'yar jaka yake fitowa, wadda ake sa wa a ƙasan robar a zuba mata ruwan, abincin kuma yana cikin wani mazubi a samanta. A na China galibi garin kalsiyam oksayid ne a ciki, wato dutsen farar ƙasa da aka ƙona, sau da yawa haɗe da garin alminiyam. Da ya sha ruwa sai ya saki zafi: giram 56 nasa na ba da kimanin kilojul 65, wanda a lissafi ya isa ya kai kofi guda na ruwa kusa da tafasa. Na sojojin Amurka kuwa garin maganiziyam ne, wato wani ƙarfe mara nauyi, da ɗan baƙin ƙarfe da gishiri. Ruwan gishirin ke sa maganiziyam ɗin ya ci kansa cikin gaggawa, irin tsatsar da kan ɗauki shekaru amma a nan ta ƙare cikin minti 12 ko makamancin haka.

Kuskuren farko shi ne zuba ruwan zafi. Mai sauri yakan ce bari in taimaka masa, ya juye ruwan fulas. Haɗuwar sinadarai tana ƙara gudu idan da zafi, don haka abin da aka tsara ya tashi a hankali sai ya taso gaba ɗaya, jakar ta kumbura, tafasasshen ruwa ya fantsamo kafin ma a kai ga rufe murfi. Ruwan randa ko na famfo ake so. Kuma a tsaya a kan layin da aka zana a jikin robar. Idan ruwan ya gaza, wani ɓangaren garin ba zai jiƙa ba, abinci ya fito rabi da zafi rabi da sanyi. Idan ya wuce, zafin zai ƙare a ɗumama ruwan banza, ko ya yi ambaliya cikin abincin.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne toshe 'yar hudar da ke kan murfi. Wasu na ɗora waya ko faranti a kai, wasu su lulluɓe da tawul wai don kada zafi ya gudu. Hudar nan ita ce numfashin robar. Tururi da iskar gas na taruwa a ciki, in ba su sami hanya ba za su yi wa kansu, murfi ya yi tsalle da romo mai zafi zuwa fuskar wanda ya sunkuya a kai. Kada a ɗora komai, kada a leƙa ta hudar, kada a buɗe kafin lokacin da aka rubuta ya cika. In za a buɗe, a ɗaga gefen da ke nesa da fuska.

Gas ɗin nan yana buƙatar ƙarin bayani, domin shi ne mutane ba su sani ba. Duk jakar da ke da maganiziyam ko alminiyam tana fitar da iskar haidurojin. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma da ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri za ta iya kamawa da wuta. Roba ɗaya a tsakar gida ko kusa da buɗaɗɗiyar taga ba abin damuwa ba ce. Amma mutum huɗu su kunna nasu a cikin mota da gilasai a rufe, ko a cikin tanti, ga wani yana kyasta ashana, wannan ganganci ne. Saboda haka ne kamfanonin jirage da dama suka hana fasinja ɗaukar irin wannan abinci. Mai niyyar kawo tsarabarsa daga China ya tambayi kamfanin jirgin tun kafin ya ɗaure kaya.

Wurin ajiyewa ma ana sakaci da shi. Gindin robar na yin zafi sosai, yana iya fasa teburin gilashi, ya narkar da ledar ɗaki. A sa a kan siminti, ko katako, ko dandaryar ƙasa, inda yaro mai rarrafe ba zai kai hannu ba.

Sai batun jakar kanta. Ledar waje kawai ake cirewa. Farin ƙyallen da garin ke ciki ba a yaga shi, kuma ba a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. In an same shi a fashe, ko ya daskare ya yi tauri saboda laimar damina, a haƙura da shi. Garin yana cin fata, ya fi muni a ido. Idan ya zuba a jiki, a fara kakkaɓe shi a bushe, sannan a wanke da ruwa mai yawa. Idan ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, a wuce asibiti ko da zafin ya lafa. Ƙunar tururi ma ruwan sanyi mai gudana na minti 20 take so. Don Allah a bar shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja: suna riƙe zafi, suna jawo ƙwayoyin cuta, suna wahalar da ma'aikacin jinya wajen wanke ciwon. Ruwan da ya rage a ƙasan robar kuma ba na sha ba ne, ba na wanke cokali ba.

Akwai masu zaton jakar murhu ce, su ƙara ɗanyen nama ko kifi a kai. Zafinta na ɗan lokaci ne, an auna shi daidai da abincin da ya riga ya dahu ko aka sarrafa shi don ya nuna da wuri. Ɗanyen nama ba zai dahu har ciki ba. Kuma Musulmi ya duba alamar halal kafin ya saya, domin da yawa daga na China akwai naman alade ko kitsensa. Haka nan kada wani ya ce zai haɗa nasa a gida da kabayid ɗin masu walda. Shi ma yana zafi idan ya sha ruwa, amma gas ɗin da yake fitarwa shi ne wanda ake yanka ƙarfe da shi, ga dattin sinadarai masu guba.

Bayan an ci, a bar jakar ta huce sarai kafin a jefa ta a shara, sau ɗaya take aiki. Wadda ba a yi amfani da ita ba kuwa kada a wurga ta a kwata, ko masai, ko bola inda ruwan sama zai same ta yara su tsinta. A fitar da ita fili, a sa a buɗaɗɗen kwano, a zuba mata ruwa, a ja da baya har ta gama ta yi sanyi. Kada a taɓa cusa ta cikin gora ko kwalba a rufe baki, domin gas ɗin zai tarwatsa ta.