Darasi na Tara: Kuɗin Sauyin Yanayi, Kyauta Ne ko Rance?

Duk wanda ya daɗe yana noma a ƙasar Zazzau ya san damina ta canja hali. Ruwa zai sauko a watan Mayu, a yi shuka, sai ya ɗauke, shuka ta ƙone, a koma neman iri. Can a Agusta kuma ya zo kamar da bakin ƙwarya, Kubanni da Galma su cika su batse, fadama ta nutse. Wannan rikicewar tana cikin abin da masana ke kira sauyin yanayi.

Babban abin da ke jawo shi shi ne hayaƙin fetur da gas da kwal, wanda masana'antu da motoci da tashoshin lantarki ke fitarwa. Hayaƙin yana taruwa a sama, yana riƙe zafin rana kamar bargo. Ƙasashe masu arziki su suka fi daɗewa suna fitar da shi. Afirka kaf ɗinta, kasonta bai wuce 4 cikin 100 ba. Amma a ambaliyar 2022 kaɗai, fiye da mutum 600 suka rasu a Najeriya. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Shi ya sa ƙasashe masu tasowa suka ce wanda ya ɓata ya taimaka a gyara. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 a ƙasar Denmak, ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin tara dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Alkawari kaya ne, kuma wannan kayan ya yi musu nauyi: bisa lissafinsu da kansu, sai a 2022 adadin ya cika. A 2024, a birnin Baku na ƙasar Azarbaijan, aka sa sabon buri na dala biliyan 300 a shekara kafin 2035. Wakilan ƙasashe masu tasowa da dama, har da na Najeriya, sun ce kuɗin sun yi kaɗan.

Mu tsaya a kan lamba. Miliyan ɗaya ana rubuta ta 1,000,000. Biliyan ɗaya ita ce miliyan dubu: 1,000,000,000. Ƙirga sifirin kowacce da yatsa.

Kuɗin nan aiki biyu ake yi da su. Akwai na rage hayaƙi, kamar kafa lantarki mai aiki da hasken rana. Akwai kuma na kare mutane daga ɓarnar da ta riga ta iso: irin shuka mai jure fari, madatsar ruwa don noman rani, magudanun ruwa a unguwanni, dashen itatuwa, cike kwazazzabo. Na biyun shi ya fi shafar mai gona a Dakace ko Bomo, amma shi ne ke samun kaso mafi ƙanƙanta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tashar lantarki tana kawo riba, mai jari zai so ta. Kwalbatin da ta hana ruwa cin gidaje ba ta kawo wa kowa ko kwabo.

A wani aji, da aka zo nan, sai wani dattijo ya ɗaga hannu.

"Malam, Allah ya gafarta, to ina rabonmu? Ni dai ko sisi ban gani ba."

"Baba, ba a hannu ake ba da su ba. Daga asusun sauyin yanayi na duniya ko Bankin Duniya suke shiga hannun gwamnatin tarayya, su sauko jiha, sannan su zama aiki."

"To kyauta ce, ko za a biya?"

"Baba, kun yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci."

Gaskiya ne, domin mafi yawan kuɗin da gwamnatocin ƙasashe masu arziki ke lissafawa a matsayin taimakon yanayi rance ne. Ga misali na kusa. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja. Jihar Kaduna tana ciki. Rance ne mai sauƙin sharuɗɗa, na dogon lokaci, amma rance ne. Da dukiyar ƙasa za a biya, watau da kuɗina da naka da na jikokinmu. Saboda haka in an kawo aikin garinku, kada ka ɗauka alfarma aka yi maka har ka ji nauyin tambaya. A ganina mai biyan bashi ya fi kowa ikon ya leƙa ya ga abin da aka saya.

Wani taimakon kuma yana isowa ba tare da an gane shi ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan, sun fitar da ire-iren masara masu suna SAMMAZ, waɗansunsu masu saurin nuna da jure fari. Kuɗin masu ba da tallafi na waje sun shiga binciken. Wanda ya shuka irin nan ya ci rabonsa ko bai sani ba.

Irin waɗannan shirye-shirye sun fi aiki da ƙungiya a kan mutum ɗaya. Ƙungiyar manoma ko ta mata da ke da rajista, da littafin sunayen 'ya'yanta, da asusun banki, da rubutaccen bayanin taro, ita ake fara dubawa. Nan karatunku zai yi rana. In jami'ai sun zo, ku tambayi sunan shirin, da wanda ya ba da kuɗin, da nawa aka ware, da ranar gamawa, sakatare ya rubuta a gaban mai unguwa. Duk wanda ya zo sayar da fom na "tallafin yanayi", ko ya nemi lambar sirri ta katin banki, kada a ba shi komai sai an tuntuɓi malamin gona ko sashen aikin gona na ƙaramar hukuma.

Aikin aji

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku: rance, tallafi, ambaliya, fari, asusu.

Lissafi: da za a raba dala miliyan 700 daidai wa daida tsakanin jihohi 19 da Abuja, nawa kowa zai samu?

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi matsala ɗaya da ruwa ko fari ya jawo a unguwarsu, ya rubuta wa kansila wasiƙa mai layi biyar: wurin, abin da ya faru, gida ko gona nawa ya shafa, da aikin da ake buƙata. A zo da ita darasi na gaba.