Yadda na magance rashin ganin gaban motarmu

Alhamdulillah na huta. Motar tafiyarmu mai ɗaki da kicin a ciki tudu gare ta, in kana kan sitiyari abin da ke dab da bamba ba ka ganinsa sam, rannan saura ƙiris in taka keken yarona. Na ɗaga kujera, a banza. Kyamarar dashbod kuma nesa take kallo.

Madubi mai kumburi na sayo, irin na gaban bas ɗin 'yan makaranta a nan Amurka, na ɗaure a kusurwar gaba ta dama. Na aje jarka taku 1 daga bamba, na zauna kujerar direba ƙanina yana karkato madubin ƙasa a hankali har na ga jarkar da bakin bamba tare, sannan muka matse notin.