Yadda Ake Jam'in Sunayen Mutane a Turanci

Yawancin sunaye harafin "s" kawai ake ƙara musu: teacher, teachers. Inda ake tuntuɓe shi ne waɗanda suka saɓa wa wannan ƙa'ida. Man ya koma men, woman ya koma women, child kuma children. Kada ka sake liƙa musu "s", domin jam'in ya riga ya cika.

Jam'in person shi ne people, kuma "are" ke biye da shi, ba "is" ba. Haka ma police. Peoples al'ummomi daban-daban yake nufi, persons kuma an fi ganinsa a takardun shari'a.

A haɗaɗɗen suna, ainihin mutumin ake yi wa jam'i: mothers-in-law. Wajen mallaka rubuta children's, ba childrens' ba. Everyone kuwa, komai yawan jama'ar, "is" yake ɗauka.