Kurakuran da ake yi wajen kallon gasar diresaj

Wanda ya tashi yana kallon hawan sallah, idonsa ya saba da sukuwa da zamiya da tashin ƙura. Shi ya sa ranar da ya fara ganin diresaj, gasar nuna horon doki da ake yi a Olamfik tun 1912, yakan ce ai ba abin da ake yi. Doki ɗaya ne a fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, mahayi kuma ya zauna ƙyam kamar an dasa shi. To zaman nan shi ne gwanintar. Da nauyin jikinsa yake yi wa dokin magana, da matsin ƙwauri, da ɗan motsin yatsu a kan linzami. Ko muryarsa ba a yarda ya yi amfani da ita ba, in ya yi a rage masa maki. Ka riƙa duban ƙugun mahayi da dunduniyarsa daf da lokacin da doki zai sauya tafiya, a nan za ka kama umarnin. Lis Hartel 'yar ƙasar Denmak, wadda shan inna ya shanye ƙafafunta daga gwiwa zuwa ƙasa, ta ci lambar azurfa a Olamfik na Helsinki a 1952. Da a ce ƙarfi ne ke aikin, da ba ta kai can ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba wa ƙafafun gaba ido. Doki ya wurga su sama, 'yan kallo su ɗauki tafi, alhali ƙarfin tafiya daga baya yake fitowa. Dubi ƙafafun baya: suna shiga ƙarƙashin ciki su ɗauki nauyi, ko ana jan su ne a baya? A fiyaf, wato sassarfar da doki ke yi a wuri ɗaya, ƙugu ya kamata ya ɗan sauka, gaba ta yi sauƙi, ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu su tashi tare su sauka tare. In bugun ya rikice, kyau ya tafi, komai tsayin ɗaga ƙafa.

Sai maganar wuya, wadda ta fi damuna. Mutane da yawa suna ganin doki ya lanƙwashe wuya har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji, su ce ya horu. Wannan matsi ne. Ƙa'idar ita ce ƙeyar doki ta zama wuri mafi tsayi, fuskarsa ta tsaya a miƙe ko hanci ya ɗan leƙo gaba. Hukumar FEI, mai kula da wasannin dawaki ta duniya, ta haramta lanƙwasa wuya da ƙarfin tsiya tun 2010. Doki ba ya ɓoye damuwarsa: zai buɗe baki, ya fito da harshe, ya yi ta fyaɗa wutsiya, kunnuwa su kwanta baya. Wanda hankalinsa ke kwance kuwa, gadon bayansa na lilo a hankali, wutsiya na bin tafiyar. In aka ga sabon jini a jikin doki a fili, fitar da shi ake yi daga gasar, kuma haka ya dace.

Kada ka ɗauke kai lokacin da doki ya koma tafiyar ƙafa kawai. Ita ma alƙalai suna ba ta maki daga 0 zuwa 10, kuma a nan dokin da aka takura yake tona asirin mai shi, don takun huɗu ba sa fita daidai.

Kiɗa ma yana ruɗar ido. Tun 1996 ake yin zagayen kiɗa a Olamfik, inda mahayi ke tsara tafiyarsa da kansa, kuma kiɗa mai daɗi kan rufe kurakurai. Nemi bidiyon Jessica von Bredow-Werndl ta Jamus a kan goɗiyarta Dalera, waɗanda suka ci zinare a Tokiyo, suka sake ci a fadar Basai (Versailles) a Olamfik na Faris na 2024. Kalle shi da sauti sau ɗaya, sannan ka kashe sautin ka sake kallo, idonka a kan ƙafafun baya, kana ƙirga bugun kofato da kanka.