Kurakuran da aka fi yi idan kifin teku da ba a san shi ba ya shigo hannu

A Jidda abin ya zama ruwan dare. Maƙwabci zai koma gida ya bar maka tankin kifinsa, ko yaro ya kamo ɗan kifi mai launi a gaɓar tekun Abhur ya kawo cikin bokiti. Daga nan sai a shiga maimaita kurakuran da na gaji da gani.

Na farko shi ne sanya wa kifi suna saboda launinsa. Da yawa daga cikin kifayen murjani kan sauya kama idan sun girma. Kifin da ake kira emperor angelfish yana ƙarami shuɗi ne mai zobba farare, idan ya girma sai ya koma mai zane-zanen rawaya da shuɗi, tsawonsa ya kai santimita 40. Ku dubi siffar jiki, baki, wutsiya da ƙayoyin baya. Ku kashe shuɗiyar fitilar tanki, ku ɗauki hoto ta gefe da farin haske, ku gwada da hotunan da ke shafukan intanet na FishBase ko iNaturalist, sannan ku nuna wa mai shagon da ya daɗe a harkar. Ni ba na yarda da suna sai na same shi daga wurare biyu, kuma abin da nake fara tambaya shi ne iya girman da kifin zai kai.

Kafin a san shi, kada hannu ya taɓa shi. Lionfish mai dogayen ƙayoyi, kifin dutse, har kifin sijan da ake soyawa a kasuwa, duk ƙayarsu na da dafi. Idan ta soki mutum, a tsoma wurin cikin ruwa mai zafin digiri 40 zuwa 45 na minti 30 ko fiye, a wuce asibiti.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne zuwa Kornish, bakin tekun Jidda, da daddare a juye kifi cikin teku, wai an 'yanta shi. Haba jama'a! Kifin shago sau da yawa daga Indunusiya ko Filifin aka kawo shi, ba ɗan Bahar Maliya ba ne. Ko ya mutu cikin kwana biyu, ko ya rayu ya zama annoba. An fara ganin lionfish a gaɓar Florida ta Amurka a 1985, ana kyautata zaton masu tanki ne suka sake shi, yau ya cika tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifaye. Ko kifin namu na nan ne, muddin ya zauna tanki ɗaya da baƙi, yana iya kai cuta cikin murjani. Gishirin ma ba ɗaya ba ne: Bahar Maliya na kai giram 40 a lita, tanki kuwa wajen 35. Wanda ba zai iya riƙe kifi ba ya mayar wa shago, ko ya nemi mai babban tanki, ya faɗa masa gaskiyar abin da kifin ke ci da wanda yake cizo. Kada ku ba duk wanda ya fara ɗaga hannu. Ku tambayi lita nawa tankinsa ke ci, su wa ke ciki. Kifin sohal, alal misali, mafaɗaci ne, ba ya zama a tankin lita 200.

Ranar kai shi ma ana ɓata abu. A daina ba shi abinci awa 24 kafin tafiya, don kada kashinsa ya gurɓata ruwan. A kama shi da roba, raga tana sarƙe ƙaya. Leda biyu, kashi ɗaya ruwa, kashi biyu iska, a saka cikin kula mai riƙe sanyi. Kada a bar shi a mota a shiga sayayya, zafin Jidda ba ya jira.

Mai karɓa kuma kada ya jefa shi kai tsaye cikin tankinsa. A ajiye ledar kan ruwa minti 15 zafi ya daidaita, sannan a riƙa ɗiga masa sabon ruwa ta siririn tiyo, ɗigo 2 zuwa 4 a daƙiƙa, na kamar minti 45. Ruwan ledar a zubar. Sai tankin keɓewa na mako huɗu, ana duba farin ɗigo a jiki da saurin numfashi. Idan an yi magani mai jan ƙarfe, a can kaɗai za a yi, domin yana kashe murjani da jatan lande.