Kurakuran da muke yi idan damuwa ta daɗe a jiki

Yayana yana da shago a kasuwar Sabon Gari, kusan wata shida yana fama da ciwon kai da faɗuwar gaba, in ya kwanta idonsa biyu har kiran assalatu, kuma duk tsawon lokacin nan maganin maleriya da taifot yake ta sha, sau uku ana haɗa masa a kemis. Ranar da na matsa masa muka je asibiti aka auna jininsa, 160 bisa 100, mutumin da ko shekara 40 bai kai ba. Da likita ta ce Malam me ke damunka, sai ya yi shiru yana murza hularsa, can ya ce bashi ne, ga haya ga kuɗin makarantar yara.

Toh wannan shi ne babban kuskurenmu, duk abin da ya taɓa jiki sai mu ce maleriya ce. Alhali damuwa ita ma a jiki take zama. Idan hankali ya tashi akwai wasu 'yan halittu a saman ƙoda da ke sakin sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, suga ya ƙaru a jini, kuma wannan rahama ce in mota ce ta taso maka a Kwangila ta Zariya kana buƙatar tsalle. Amma in abin ya zama kullum, wata da watanni, jikin baya samun sauka, barci ya lalace, garkuwar jiki ta yi rauni mura kaɗan ta kwantar da kai, hawan jini ya samu wurin zama, shi kuwa hawan jini sau da yawa baya sallama sai dai a ji ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu. Gyaran ba wuya: kar a sha maganin maleriya sai an yi gwaji, kuma a riƙa auna jini, in ana ta ganin 140 bisa 90 ko sama to a ga likita.

Sai ƙwayoyin kemis. Kai ya sara a watsa ibuprofen ko diclofenac, wani ma ciki ba komai, bayan wata biyu ya ce tunani ya sa masa olsa. Gaskiyar magana yawancin olsa wata ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori ke kawo ta, ko kuma irin waɗannan magungunan, damuwa dai tana ƙara hura wutar. Masu komawa tiramadol ko kodin don su manta kuwa wallahi suna bani tausayi, ba banza gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ba. Ƙwayar barci ma in ba likita ya rubuta ba a bar ta, jiki na sabawa da ita.

Ɗalibanmu na jami'ar ABU a Samaru da Kongo kuma lokacin jarabawa, kofi da goro da lemon ƙara kuzari har biyun dare. Sinadarin caffeine mai hana barci da ke cikinsu bayan awa 5 kusan rabinsa na nan a jini. Babba na buƙatar barcin awa 7 zuwa sama, saboda haka daga la'asar a haƙura da su, wayar ma a ajiye ta nesa da katifa.

Wanda ya fi ci min rai shi ne shiru. Namiji ya ce a bar kaza cikin gashinta, mace ta buɗe baki a ce mata ki yi haƙuri haka aure yake, shikenan kowa ya haɗiye. Addu'a da tawakkali gaskiya ne, nima da su nake tsaye, amma ba su hana ka zauna da ɗan'uwa ko amini ka faɗi abin da ke cin ka. Kuma in ka yi sati biyu komai ya fita ranka, abinci baya shiga, ko kana jin gara ma ka mutu, dan Allah kar ka jira, asibitin koyarwa na Shika a Zariya akwai likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin Barnawa a Kaduna, zuwa wurinsu ba hauka bane.

Wasu kuma suna ganin motsa jiki sai mai kuɗin zuwa jim. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a sati ta ce, wato tafiya da ɗan sauri ta minti 30 kwana biyar.

Yaya dai yanzu da ƙafa yake tafiya shago da safe, yana shan maganin da aka rubuta masa, ya kuma cire kunya ya je ya samu mai bin sa bashin suka raba biyan wata-wata. Bashin bai ƙare ba har yanzu, amma awon makon jiya 135 bisa 85 ne, matarsa ta ce min kwana biyun nan sai ta tashe shi sallar asuba.