Yadda Ake Bin Tseren Keke na Turai Ba Tare da Rufe Ido ga Maganar Ƙwaya Ba

Wanda ya kunna talabijin a watan Yuli ya ga masu keke kusan 180 sun yi ayari suna ratsa ƙauyukan Faransa awa huɗu ko biyar, zai ce ba abin da ke faruwa. Akwai, sai dai ido na buƙatar a nuna masa inda zai duba.

Fara da sanin lokutansu. Manyan tsere uku ne: Giro d'Italia a Italiya cikin watan Mayu, Tour de France a Yuli, sai Vuelta a Sifen daga ƙarshen Agusta. Kowanne mako uku ne, zango 21. Sabon shiga ya fara da Tour, wanda ake yi tun 1903. Yawanci zangon rana na ƙarewa wajen la'asar a agogon Najeriya da Nijar.

Daga nan sai lissafi, inda yawancin mutane ke ruɗewa. Zakara ba shi ne wanda ya fi cin zango ba. Lokacin da kowa ya ɗauka kullum ake tarawa, wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ke sa riga ruwan ɗorawa. Koriya ta mai tara maki ce, fara mai ɗigon ja ta gwanin hawan dutse, fara zalla kuma ta matasa. Saboda haka ka riƙa duba tazarar daƙiƙu da ake rubutawa a gefen allo.

Abu na gaba, kuma shi ya fi burge ni, shi ne iska. Wanda ke gaba shi ke shan ta, na bayansa yana fakewa yana ajiye ƙarfi. Shi ya sa kowace ƙungiya ke zuwa da mutum takwas, ɗaya madugu, sauran masu yi masa hidima. Su ke tare masa iska, su koma motar ƙungiya su ɗebo gorunan ruwa, in kekensa ya lalace ɗaya ya sauka ya miƙa masa nasa. Idan ka ga madugu ya rage shi kaɗai a tsakiyar dutse alhali abokin hamayyarsa na da yara uku, to ka gyara zama.

Ba kowace rana ce ta cancanci awa biyar ɗinka ba. Ranar shimfiɗaɗɗiyar hanya, kilomita goma na ƙarshe sun isa. Ranar duwatsu irin Alpe d'Huez mai lanƙwasa 21, kada ka bari ta wuce ka. Ka kuma zaɓi gwani. Ni nawa Biniam Girmay ne ɗan Eritiriya, wanda ya ci zango uku ya tafi da koriyar riga a 2024.

Yanzu ga maganar da ba ta da daɗi. Wannan wasa ya daɗe da ƙwaya. A 1967 Tom Simpson ɗan Ingila ya faɗi ya mutu a kan dutsen Mont Ventoux, aka sami ƙwayar amfetamin a jikinsa. A 1998 aka kama motar ma'aikacin ƙungiyar Festina a iyakar Faransa da Beljiyam maƙare da magunguna, ciki har da EPO, allurar da ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini domin jiki ya ɗauki iskar shaƙa da yawa. Wannan abin kunya ya taimaka wajen kafa WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya, a 1999. Duk da haka Lance Armstrong ɗan Amurka ya ci Tour sau bakwai daga 1999 zuwa 2005, yana ta cewa gwaji bai taɓa kama shi ba. A 2012 aka ƙwace su duka, a 2013 ya amsa da bakinsa.

To in labari ya ɓulla, bi shi a hankali. Duba ko daga hukuma ya fito, wato UCI mai kula da wasan ko ITA da ke gudanar mata da gwaji tun 2021, ko kuwa jita-jitar Facebook ce. Gida biyu ake raba fitsari ko jinin ɗan tsere, in na farko ya nuna wani abu yana da damar a buɗe na biyu. Tun 2008 kuma ana ajiye tarihin jinin kowa, wanda nasa ya yi sauyin da ba shi da bayani ana iya hukunta shi ko ba a ga maganin ba. Duba sunan maganin ma. Tramol ɗin da ya addabi matasanmu shi ya sa aka soke wa Nairo Quintana ɗan Kolombiya matsayi na shida da ya zo a Tour na 2022.

Gudu kaɗai ba hujja ba ne. Ba na yarda a ce Tadej Pogačar ɗan Sloveniya, wanda ya sha cin Tour, na shan wani abu don kawai ya bar kowa a baya, kekuna da abinci da horo duk sun canja. Amma ba na karɓar “bai taɓa faɗuwa gwaji ba” a matsayin wanki, mun ji ta a baya.

Kuma in an gama tsere, ka riƙa komawa kan sakamakon. Alberto Contador ɗan Sifen ya ɗaga kofin Tour na 2010, a 2012 aka karɓe saboda ƙwaya aka ba Andy Schleck da ya zo na biyu. Shekaru bakwai na Armstrong kuwa ba a ba kowa ba, har yau gurbinsu a jerin zakaru babu suna.